Ƙarfe Mai Laushi A Gindin Bututun Hayaƙi

Wanda ya taɓa kallon hoton tsofaffin unguwannin Landan ko Manchester daga sama zai tuna jerin gidajen jan bulo manne da juna, kowanne da bututun hayaƙi tsaye a kan rufinsa. Abin da ido bai cika kamawa ba shi ne wata ɗamara mai launin toka da ta zagaye gindin kowane bututu, daidai inda bulo ya ɓullo daga cikin rufi. Faifan dalma ne, wanda galibi kaurinsa bai cika milimita 2 ba. Idan an ɗaura shi daidai, gidan na iya shekara 100 ruwa bai shiga ta wurin ba. Idan aka kuskure, katakon rufi zai ruɓe a ɓoye, mai gida bai sani ba sai ranar da silin ya yi tabo.

Ga mai karatun Hausa, kalmar dalma ba ta zuwa ita kaɗai. Tun shekarar 2010 tana tafe ne da kalmar guba, tare da sunayen ƙauyukan Zamfara inda yara suka mutu. Saboda haka akwai abin mamaki a ji cewa a Ingila da gangan ake ɗora wannan ƙarfe a kan gidajen da mutane ke kwana, kuma har yau shi maginan can suka fi amincewa da shi. Labaran biyu duk gaskiya ne, kuma tushensu ɗaya: dalma ƙarfe ce mai laushi. Daga wannan laushi amfaninta ya fito, daga nan kuma haɗarinta ya fito.

Rami da aka huda da gangan

Rufi mai gangara aikinsa ɗaya ne, ya karɓi ruwa ya miƙa shi ƙasa. A Birtaniya ana rufe gidaje da siraran allunan dutse ko na gasasshen yumɓu, kowane allo yana hawa kan na ƙasa da shi kamar gashin tsuntsu. Babu abin da ke manne su. Ruwa na sauka daga allo zuwa allo har ya kai magudana, muddin babu abin da ya tare masa hanya.

Bututun hayaƙi shi ne abin da ke tare hanya. Kafin ƙarni na 16, talakan Ingila a tsakiyar ɗaki yake hura wuta, hayaƙi ya nemi mafita ta saman rufi. William Harrison, a bayanin da ya rubuta kan Ingila wanda aka buga a 1577, ya ambaci yawan bututun da aka gina a zamaninsa a matsayin ɗaya daga cikin manyan sauye-sauyen da tsofaffin ƙauyensa suka gani da idonsu. Zuwa 1662 murhu ya zama ruwan dare har gwamnati ta ɗora masa haraji, sule 2 a shekara kan kowane murhu, harajin da aka soke a 1689. Kowane murhu yana buƙatar mafita, kowace mafita kuma rami ce mai gefe huɗu a tsakiyar rufi, a wurin da iska da ruwa suka fi ƙarfi. A guguwar Nuwamban 1703, kimanin bututu 2,000 ne suka faɗi a Landan kaɗai.

Wahalar ba ta tsaya ga ramin ba. Bututun ginin bulo ne mai nauyi, yana tsaye a kan harsashinsa tun daga ƙasa. Rufin kuwa yana kwance a kan katako, katako kuma yana kumbura da danshi, yana tsukewa da bushewa, yana lotsawa a hankali da nauyin shekaru, yana girgiza idan iska ta taso. Abubuwa biyu ne da ke zaune kafaɗa da kafaɗa amma kowanne da nasa motsi. Tazarar da ke tsakaninsu a yau ba ita ba ce tazarar watanni shida masu zuwa.

Hanya mafi araha ita ce a kwaɓa siminti a cika kusurwar. Wannan yana aiki na ɗan lokaci. Amma siminti ba ya lanƙwasa, don haka da zarar rufi ya motsa bututu bai motsa ba, sai tsaga mai kaurin gashi ta buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuma bai buƙatar ko rabin ƙofar da ƙadangare ke buƙata. A lokacin sanyi ruwan da ya shiga tsagar yana daskarewa, ƙanƙara ta fi ruwa girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ta ƙara buɗa tsagar. Ruwan da ya wuce yana bin jikin katako, wani lokaci ya yi tafiya mai nisa kafin ya ɗiga, har mai gida ya riƙa gyara wurin da ba nan matsalar take ba.

Yadda ake ɗaura ɗamarar

Maganin da maginan Ingila suka zauna a kai ba ya ƙoƙarin hana motsi. Yana rufe tazarar ne da wani abu da zai bi motsin. Aikin yana farawa daga ƙasa yana hawa sama, kamar yadda ake jera allunan rufi, domin kowane yanki ya hau kan wanda ke ƙasa da shi.

A fuskar bututu ta ƙasa, wadda ke kallon gangara, ana shimfiɗa faifai guda: gefensa ɗaya ya miƙe a jikin bulo, ɗayan ya kwanta a kan allunan rufi aƙalla milimita 150. A gefuna biyu, inda rufi ke hawa a karkace yayin da layukan bulo suke a kwance, aikin ya kasu gida biyu. Ƙarƙashin kowane allo ana saka ɗan ƙaramin faifai da aka lanƙwasa, rabinsa kwance ƙarƙashin allon, rabinsa tsaye jingine da bulo, ba tare da an kafe shi a jikin bulon ba. Waɗannan na rufi ne, da rufi suke motsi. Sannan a kawo dogon faifai da aka yanka bakinsa na sama hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa a cusa shi cikin tsagin da aka sassaƙe tsakanin layukan bulo, zurfin milimita 25. Ana danna shi da ƙananan weji na dalma, a toshe bakin tsagin. Wannan na bututu ne, da bututu yake tsaye. Yana sauka ya lulluɓe na farko, kamar yadda hannun babbar riga ke lulluɓe hannun 'yar ciki. Ɗaya na iya zamewa a kan ɗaya ba tare da ƙofa ta buɗe ba.

Bayan bututu shi ne wurin da ake gane gwani. Duk ruwan da ya gangaro daga saman rufi nan yake cin karo da bango, nan ganye ke taruwa, nan dusar ƙanƙara ke kwanciya. Ana gina ɗan dandamalin katako, a lulluɓe shi da dalma ta zama kwata mai karkatar da ruwa hagu da dama, a shigar da bakinta na sama can ƙarƙashin allunan rufi. Idan ginin sabo ne, ana shimfiɗa wani faifan a cikin bulon kansa, ya ratsa bututun daga gefe zuwa gefe, domin ruwan da bulo ya tsotsa daga sama kada ya gangara cikin gida.

A duk wannan tsari babu gam. Abin da ke hana ruwa shiga shi ne nauyin ruwan kansa, wanda ke jan shi ƙasa, da kuma kulawar magini wajen ganin cewa a kowace haɗuwa na sama ne ke hawa kan na ƙasa.

Dalilin da ya sa aka zaɓi dalma yana bayyana a kusurwoyi. Da guduma ta katako da wasu sandunan katako masu santsi, gwani yana iya bugun shimfiɗaɗɗen faifai a hankali har ya zagaye kusurwar bulo ba tare da yanka ko ɗinki ba. Yana tura ƙarfen ne daga inda ya yi yawa zuwa inda ake buƙatarsa, yana lura kada wani wuri ya yi siriri. A kan allunan yumɓu masu tudu da kwari, dalma tana kwanciya ta ɗauki siffarsu, nauyinta kuma ya hana iska ɗaga ta. Wasu maginan sun fi son yanka da walda, wanda ya fi sauri, amma buƙatar ɗaya ce: ƙarfen da zai karɓi siffar da aka ba shi ya zauna a haka.

A Birtaniya ana sayar da faifan dalma bisa lamba, kuma lambar ta samo asali ne daga nauyinsa a tsohon ma'auni, wato laba nawa ne a kowace ƙafa murabba'i. Lamba 3 kaurinta milimita 1.32, ita ake sakawa ƙarƙashin alluna. Lamba 4 milimita 1.80, nauyinta ya ɗan haura kilo 20 a kowace mita murabba'i, ita ce aka fi amfani da ita a jikin bututu. Lamba 5 milimita 2.24, ana yawan zaɓarta domin kwatar baya.

Akwai wata ƙa'ida da sabon shiga ke raina wa har sai ta kunyata shi: kada tsawon yanki guda ya wuce mita 1.5. Dalma tana miƙewa da zafi fiye da ninki biyu na baƙin ƙarfe, kusan milimita 0.03 a kowace mita kan kowane digiri ɗaya. Tsakanin daren hunturu da tsakar ranar bazara, zafin faifan da ke kan rufi na iya bambanta da digiri 60, wato motsin da ya kusa milimita 2 a kowace mita. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Idan yankin ya yi tsawo, ko aka cika masa ƙusa ta ko'ina, ba shi da inda zai miƙe, sai ya yi tudu da rana ya kwanta da dare. Bayan dubban irin wannan lanƙwasa, tudun ya tsage. Tsawon da ya wuce kima da yawan kafewa suna cikin manyan dalilan lalacewar aikin dalma. Shi ya sa ake yanka ta gajeru, kowane yanki ya hau kan ɗan'uwansa da aƙalla milimita 100, a kafe sama a bar ƙasa ta yi numfashi.

Tsatsa kuwa ba ta cin dalma yadda take cin kwano. Sabon faifai yana sheƙi, amma cikin watanni iska da ruwa suna yi masa wani siririn ɓawo mai launin toka, wanda ke manne da shi ya kare abin da ke ƙasa. Kafin ɓawon ya kafu, ruwan sama na iya wanko farin gari ya ɓata alluna, saboda haka ake shafa wa sabon aiki wani mai a ranar da aka gama shi. Abokan gabarta kaɗan ne: ruwa mai tsami da ke gangarowa daga gansakuka, tsamin da ke fita daga katakon oak, da raɓar da ke taruwa a ƙarƙashinta idan iska ba ta ratsawa.

Abin da ke narkewa cikin sauƙi

Dalma tana narkewa a digiri 327 da ɗoriya, zafin da wutar itace ke wucewa. Wannan ya sa tun zamanin da mutane suka iya sarrafa ta. Rumawa sun haƙo ta a tsaunukan Mendip da ke kudu maso yammacin Ingila 'yan shekaru kaɗan bayan sun ci ƙasar a ƙarni na 1. Sunanta a Latin, plumbum, shi ne asalin alamarta ta Pb a ilimin sinadarai, kuma daga gare shi ne Ingilishi ya samo sunan mai gyaran famfo, domin ma'aikacin dalma ne ke yin bututun ruwa da rufi duka. Ƙungiyar masu wannan sana'a a Landan tana da rubutattun dokoki tun 1365.

Abin da ke narkewa cikin sauƙi yana da sauƙin mayarwa kuɗi. Lokacin da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen rahibai tsakanin 1536 da 1541, dalmar rufinsu na cikin dukiyar da aka ware wa sarki. Aka kware ta, aka narkar, aka zuba ta curi-curi. Kangayen da masu yawon buɗe ido ke ziyarta yau a Yorkshire shaida ne na abin da ke samun ginin dutse idan aka cire masa rufi: katako ya ruɓe, ruwa ya shiga bango, sanyi ya farfasa shi. A Rievaulx, wanda aka rufe a 1538, wasu curin dalma masu hatimin sarki sun binne a ƙarƙashin ɓaraguzai har sai da masu tono suka gano su kusan shekara 400 bayan haka. An yi amfani da wasunsu wajen gyaran wata shahararriyar tagar gilashi a babbar majami'ar York a shekarun 1920.

Ɓarayin wannan zamani sun gaji sarkin. Duk lokacin da farashin dalma ya tashi a kasuwar duniya, majami'un ƙauye da makarantu a Ingila sukan wayi gari an kware musu rufi. Dare ɗaya ya isa, domin ƙarfen da aka buga da gudumar katako ana iya naɗe shi da hannu kamar tabarma. Kuɗin da ɓarawo ke samu ba ya kusa da kuɗin ɓarnar da ruwa ke yi kafin a lura. Matsalar na cikin abin da ya kai ga dokar 2013 kan dillalan tsofaffin ƙarafa a Ingila da Wales, wadda ta wajabta lasisi da tantance mai sayarwa, ta kuma haramta biya da tsabar kuɗi.

Faifai da ƙura

A ranar 15 ga Afrilun 2019 gobara ta kama majami'ar Notre-Dame a Paris. Rufinta da hasumiyarta na ɗauke da dalma fiye da tan 400. Yawancinta ta narke ta zubo, wani ɓangare ya tashi cikin hayaƙi ya sauka a matsayin ƙura a kan tituna da farfajiyoyin makarantun da ke kusa. A ƙarshen Yulin shekarar aka dakatar da aikin gyara na wasu makonni domin kare ma'aikata, aka wanke makarantu, aka gwada jinin yara. Ƙarfen da ya yi ƙarnuka yana kare ginin ya zama matsalar lafiyar jama'a cikin dare ɗaya. Duk da muhawarar da ta biyo baya, da dalma aka sake rufe majami'ar, wadda aka buɗe a Disamban 2024.

Zamfara ta ga irin wannan sauyi a siffa mafi muni. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano yawan mutuwar yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. Duwatsun zinariyar da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma niƙa su a cikin gidaje, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka mutu, dubbai kuma suka kamu. Bagega sai a 2013 aka share ƙasarta. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Jiki yana ɗaukar dalma kamar sinadarin da yake gina ƙashi da shi, ya ajiye ta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru. Hanjin yaro yana tsotsar ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwa mai tasowa ba ta komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa.

Bambancin rufin Landan da tsakar gidan Dareta yana cikin siffar ƙarfen. Faifan da ke kwance a gindin bututu, lulluɓe da ɓawonsa, nesa da hannun yara, abin da yake saki kaɗan ne. Ƙura da tururi su ke shiga jini. Saboda haka mutumin da ya fi fuskantar haɗari a Ingila shi ne maginin, domin ƙarfe mai laushi yana barin baƙi a tafin duk wanda ya taɓa shi. Dokokin 2002 kan aiki da dalma a Birtaniya sun hana ci da sha da shan taba a wurin aiki, sun wajabta tanadar wurin wanka da kayan kariya, da gwajin jini ga waɗanda ke yawan mu'amala da ita. Kayan aiki ba a kai su gida a wanke tare da na iyali.

Abin da ya dace a aro

Bututun Ingila da yawa sun daina hayaƙi. Bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a Disamban 1952, dokar tsaftar iska ta 1956 ta taƙaita ƙona gawayin kwal a birane, daga baya ɗumama gida da gas ya kammala sauran. Amma ramin yana nan a rufi, don haka sana'ar tana nan.

A ƙasar Hausa, in ban da gidajen burodi da masana'antu, bututun hayaƙi baƙo ne. Haɗuwar rufi da bango kuwa ba baƙuwa ba ce. Salon gini da ya yaɗu a Abuja da Kano da Kaduna, wanda ake ɓoye kwano a bayan ɗagaggen bango, ya ƙirƙiro irin wannan haɗuwa a kewayen gida gaba ɗaya. Kwano yana miƙewa a zafin Afrilu ya tsuke da sanyin asuba, bango yana tsaye. Maganin da aka saba gani shi ne siminti a kusurwa ko liƙin kwalta, a maimaita duk damina, a kuma ɗora laifi a kan ruwan bana.

Dalmar ba abar arowa ba ce. Gidaje da yawa suna tarar ruwan rufi a durom da tanki domin sha da girki, ruwan da ya bi ta kan dalma kuma bai dace da wannan ba. Ba ta jituwa da alminiyam ko kwanon da aka lulluɓe da haɗin alminiyam, domin tana hanzarta cinyewarsu. Sannan guntayenta za su ƙare a hannun 'yan gwangwan, a narkar da su a cikin unguwa.

Tsarin aikin shi ne abin ɗauka, kuma ana iya yin sa da irin ƙarfen da aka yi rufin da shi. Mai gini da ya hau sama kafin a biya kafinta kuɗinsa na ƙarshe yana iya duba abubuwa huɗu. Bakin kwano ya miƙe sama a jikin bango, ko ya tsaya a kwance? An sassaƙa tsagi a bango an cusa faifan da ke rufe shi, ko an jingina shi ne kawai an shafa siminti? A kowace haɗuwa, na sama ne ya hau kan na ƙasa? Kuma an kafe faifan a bango da kwano duka biyu, ko an bar masa gefe ɗaya ya motsa? Watan Maris ne lokacin wannan dubawa, tun sama tana bushe kuma kafinta yana amsa waya.